Sauya Fuskar Mota: Yadda Ake Yin Aikin da Kalmomin Sana'ar a Parakou da Djougou

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce, "Labarin zuciya a tambayi fuska." Wannan karin magana ya dace da ɗan Adam, amma wanda ya riƙe shi a kasuwar motoci yana iya tafka asara. Dalili kuwa shi ne, fuskar mota aba ce da ake kwancewa a ɗaura wata, ta yadda motar da aka ƙera a 2007 za ta fito daga gareji da kamannin ta 2010 cikin 'yan kwanaki. Wannan takarda za ta yi bayanin wannan aiki na sauya sassan gaban mota tsakanin ƙirar shekaru daban-daban, tare da ɗaukar garuruwan Parakou da Djougou na arewacin Jamhuriyar Benin a matsayin misali.

Manufar takardar biyu ce. Ta farko, ɗalibi ya fahimci abin da ya sa aikin ke yiwuwa, da inda yake da iyaka, da kuma yadda ake gane ainihin shekarun mota bayan an sauya mata fuska. Ta biyu, ya san kalmomin da masu sana'ar ke amfani da su, domin a wannan yanki ne Hausar da ta yi aro daga Ingilishi take haɗuwa da wadda ta yi aro daga Faransanci. A cikin takardar, duk inda aka ce "fuska" ana nufin ilahirin sassan jikin mota da ke gaban gilashin direba.

2.0 Parakou da Djougou a Kan Hanyar Motoci

Parakou ita ce hedikwatar jihar Borgou, kuma ƙidayar 2013 ta nuna tana da mutane sama da 250,000. Tana da nisan kimanin kilomita 415 daga Kwatano a kan babbar hanyar da ta miƙe arewa zuwa Malanville, inda gada ta haye kogin Kwara zuwa Gaya ta Jamhuriyar Nijar. Djougou kuwa ita ce hedikwatar jihar Donga, kimanin kilomita 135 arewa maso yamma da Parakou. Duka garuruwan biyu tsofaffin zanguna ne na fataken goro da ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja, shi ya sa har yau ake jin Hausa a kasuwanninsu da tashoshinsu tare da Dandanci da Barganci da Fulatanci da Yarabanci. Kunnen Bahaushe ba zai rasa jin kalmar "arziki" a cikin sunan babbar kasuwar Parakou, wato Arzèkè, ba.

Layin dogon da ya taso daga Kwatano ya iso Parakou a 1936, kuma nan ya tsaya. Saboda haka aka shafe shekaru masu yawa ana sauke kayan Nijar daga jirgin ƙasa a wannan gari, a ɗora wa manyan motoci su ƙarasa da su arewa. Wannan ya tara direbobi da kanikawa da masu sayar da kayan gyara, har ta kai a unguwanni irin su Ganou da Zongo ba a rasa gareji a bakin hanya.

Daga shekarun 1990 tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta zama babbar mashigar motocin hannu da ake kawowa daga Turai, daga baya kuma daga Amurka da Kanada. Da yawa daga cikinsu ana tara su ne a unguwar Heyvaert ta birnin Burusel, a yi lodinsu a tashar Antwerp. Daga nan ne aka sami kalmar "Beljiyam", wadda a Hausar yau take nufin duk wani kayan hannu da aka shigo da shi daga waje, ko da bai taɓa bi ta ƙasar Beljiyam ba. Motocin da za su Nijar, da waɗanda ake karkatarwa zuwa arewacin Nijeriya, ta Parakou suke bi a jere. Wannan ciniki ya sha tangarɗa: a ranar 1 ga Janairun 2017 Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ta rufe iyakokin, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka rufe gadar Malanville. Duk lokacin da sauya mota ya yi wuya, mai ita kan koma ga gyara wadda ke hannunsa, kuma sauya fuska na cikin irin wannan gyara.

3.0 Sassan Fuskar Mota da Sunayensu

Ga muhimman sassan da ake taɓawa idan za a sauya fuska. An fara kawo sunan da aka saba ji a Nijeriya, sannan wanda ake ji a bakin masu sana'ar a ƙasashen rainon Faransa. Sunayen rukuni na biyu ba su sami daidaitacciyar ƙa'idar rubutu ba, don haka an rubuta su yadda ake furta su.

(a) Bonet, ko kapo: murfin da ke rufe injin.

(b) Bamba, ko parshok: abin da ke fara karɓar karo. A motocin zamani kashi biyu ne, wato rigar roba da ake gani daga waje, da ƙarfen da ke ɓoye a bayanta.

(c) Fitilar gaba, ko far: a jikinta ko kusa da ita ake samun sigina, a ƙasa kuma wasu motocin suna da fitilar hazo.

(d) Madigadi, ko el: ɓangarorin nan biyu na dama da hagu da ke rufe saman tayoyin gaba.

(e) Ragar gaba, ko kalandir: inda iska ke shiga, kuma galibi a nan tambarin kamfani yake.

(f) Lagireto, ko radiyater: tukunyar da ke sanyaya ruwan injin. Ba a ganin sa daga waje, amma ƙarfen da yake zaune a kai shi ne ke riƙe da fitilu da makullin bonet.

Masu aikin ma kowa da sunansa. Bakanike shi ke kula da injin. Mai gyaran jiki shi ne fanel-bita a Nijeriya, toliye a Benin da Nijar. Akwai mai walda, da mai fenti, da mai gyaran wutar mota wanda a Nijeriya ake ce wa riwaya. Sauya fuska ba ya kammala sai aƙalla uku daga cikinsu sun sa hannu.

4.0 Zubi da Gyaran Fuska

Abin da ya sa sauya fuska ke yiwuwa yana cikin yadda kamfanoni ke ƙera motoci. Ƙera sabon ƙashin mota aiki ne mai cin kuɗi ƙwarai, domin sai an yi sababbin mazuban ƙarfe, an kuma yi gwajin karo. Don haka kamfani kan ƙera ƙashi guda ya yi ta amfani da shi na shekara biyar ko shida, wani lokaci fiye da goma. Duk motocin da suka fito a kan ƙashi ɗaya za mu kira su "zubi ɗaya". A tsakiyar rayuwar zubi, idan masu saye sun fara gajiya da kamannin motar, sai kamfani ya sake fasalin bamba da fitilu da ragar gaba, ya bar ƙashin yadda yake. Wannan shi ne "gyaran fuska", kalmar da ɗalibai suka saba ji a labarai idan an ce an yi wa wata doka gyaran fuska, wato an taɓa ta sama-sama ba a rushe tushenta ba.

Tun da ƙashin bai sauya ba, ramukan noti da ke riƙe da sassan fuska sukan kasance a wuri ɗaya ko kusa da haka. Ke nan fuskar ƙarshen zubi tana iya hawa motar farkon zubi. Ga misalai daga motocin da aka sani a yankin:

Peugeot 504 ta fito a 1968, kuma kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya daɗe yana haɗa ta. Salun da wagon da a-kori-kura na 504 kusan fuska ɗaya gare su, shi ya sa kayan wata ke shiga wata. Waɗanda aka kai Amurka kuwa an yi musu fitilu huɗu masu da'ira a kan jiki iri ɗaya.

Marsandi W124, wadda 'yan Nijeriya ke kira V-boot, ta fito a tsakiyar shekarun 1980. A 1993 aka yi mata gyaran fuska, ragar gaba ta koma cikin jikin bonet, tauraron kamfanin kuma ya koma kan bonet ɗin. Mai tsohuwar yana iya samun sabuwar fuska idan ya sauya bonet da raga da gilasan fitilu.

Peugeot 406 ta fito a 1995, aka yi mata gyaran fuska a 1999.

Toyota Camry ta 2007 zuwa 2011 zubi ɗaya ce, kuma daga ƙirar 2010 aka sake mata bamba da raga da fitilu.

Toyota Land Cruiser 200 ta fito a 2007, aka yi mata gyaran fuska a 2012 da kuma 2015, kafin zubin 300 ya maye gurbinta a 2021. Ana ƙera cikakkun kayan mayar da tsohuwar zuwa fuskar 2016 a ƙasar Sin, ana kuma sayar da su a kwali guda.

Su kansu kamfanonin sukan yi wannan dabara. A 2009 Peugeot ta ɗauki tsohuwar 206 da ta fito tun 1998, ta yi mata fuska mai kama da ta 207, ta sa mata suna 206+. Bambancin kawai shi ne kamfani ya gwada abin da ya haɗa, kuma ya faɗa wa mai saye abin da yake saya.

5.0 Matakan Aikin

Ana iya kasa aikin gida uku bisa nauyinsa.

5.1 Kwance ka ɗaura

Wannan shi ne mafi sauƙi. Ana cire tsofaffin sassa a ɗaura sababbi a ramukan da ke nan, ba yanka ba walda. Yana faruwa ne tsakanin motocin zubi ɗaya idan gyaran fuskar kamfani bai yi zurfi ba. Abin kula a nan shi ne sassan fuska a haɗe suke da juna. Gefen fitila yana bin lanƙwasar bamba, samanta yana bin bakin bonet. Wanda ya sayi sabuwar fitila kaɗai sau da yawa sai ya tarar dole ya ƙara da bamba da raga, in ba haka ba a bar giɓi.

5.2 Ɗauri da ɗan gyara

A nan sassan sun dace da ƙashin, amma sai an sake wasu ƙananan abubuwa: a huda sabon rami, a sauya maƙalan bamba, ko a sake soket ɗin fitila. Land Cruiser 200 misali ce, domin fuskar 2016 tana bukatar sabon bonet da madigadi biyu, ga kuma fitilu irin na LED da wayoyinsu suka bambanta da na tsohuwar. Rabin aikin na fanel-bita ne, rabi na mai gyaran wuta.

5.3 Yanka da walda

Wannan shi ne ɗora fuskar wani zubi a kan wani zubi dabam. Camry ta 2002 zuwa 2006 tana da tazarar milimita 2,720 tsakanin tayar gaba da ta baya, ta 2007 kuwa milimita 2,775, kuma faɗinsu da tsayin bonet ɗinsu sun bambanta. Fuskar ɗaya ba za ta zauna a kan ɗaya ba sai an yanke ƙarfe, an yi ƙari, an cike da ƙullun fenti. Ƙwararren toliye yana iya fitar da abin da zai burge ido, amma a wannan mataki an riga an taɓa ƙashin mota.

6.0 Dalilan Sauya Fuska

Dalili na farko shi ne haɗari. Gaban mota shi ya fi shan karo, kuma motoci da yawa da ake kawowa daga Amurka an saye su ne a gwanjon kamfanonin inshora da gabansu a fashe. Tun da dole a sayi bamba da fitilu, mai motar kan ga gara ya sayi na sabon yayi.

Dalili na biyu shi ne samuwar kaya. Abin da ke kasuwa shi ake ɗaurawa. Idan fitilar 2008 ta yi wuya a Parakou, ta 2010 kuwa tana nan a Kwatano ko a Ladipo ta Legas ko Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, to kasuwa ce ta zaɓa wa motar fuska.

Dalili na uku shi ne ado da son a ga mutum da sabon abu. Wannan ba laifi ba ne, kuɗinsa ne, motarsa ce.

Dalili na huɗu shi ne neman ƙarin farashi. A nan ne gyara ke iya rikiɗewa ya zama algus, wato idan mai sayarwa ya kira motar da shekarar fuskarta, ya ɓoye shekarar ƙashinta. Dubi Camry mai fulogi huɗu da aka ƙera don kasuwar Amurka. Ta 2007 zuwa 2009 tana da injin lita 2.4 da giya biyar mai sarrafa kanta, ta 2010 da 2011 kuwa injin lita 2.5 ne da giya shida. Wanda ya biya kuɗin 2010 aka ba shi 2007 mai sabuwar fuska ya yi asara sau biyu: ya biya fiye da ƙima, sannan duk ranar da ya aika a sayo masa kayan injin "na 2010" za a kawo abin da ba zai shiga ba.

7.0 Haɗurran da Ke Tattare da Aikin

Fuskar mota ba ado ne kaɗai ba, kowane sashe da aikinsa.

Na farko, iska. Ta ragar gaba da ramukan bamba iska ke isa ga lagireto. Idan sabuwar fuska ta rage hanyar iskar, ko aka yar da robobin da ke karkata ta, injin zai riƙa zafi, musamman a watannin Maris da Afrilu a hanyar Parakou zuwa Malanville.

Na biyu, ƙarfen bayan bamba. Idan bai dace da sabuwar rigar bamba ba, wasu sukan cire shi su ajiye. Daga waje ba a ganin komai, amma ranar karo babu abin da zai tare.

Na uku, jakar iska. A motoci da yawa na'urar da ke jin karo tana ɗaure a ƙarfen gaba kusa da lagireto. Idan aka matsar da ita, ko aka bar ta tana reto, jakar tana iya ƙin buɗewa a lokacin da ake bukata. Sababbin motoci kuma wasunsu suna da na'urar hango abin da ke gaba a bayan tambarin raga, wadda sai an daidaita ta da kwamfuta bayan an taɓa ta.

Na huɗu, fitilu. A Benin da Nijar da Nijeriya ana tuƙi ne a hannun dama, Nijeriya ma tun 1972 ta koma haka. Fitilar da aka ƙera don Ingila ko Japan, inda ake tuƙi a hagu, tana ɗaga haskenta ta ɓangaren hagu. Idan aka ɗaura ta a nan, hasken zai riƙa dukan idon mai tahowa. A gari irin Parakou, inda 'yan kabu-kabu da ake kira zemijan suka cika titi, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Na biyar, makullin bonet. Bonet ɗin da bai kama da kyau ba yana iya tashi ana cikin gudu ya rufe wa direba gilashi.

Na shida, yanka da walda. An ƙera ƙarafan gaban mota ne don su lanƙwashe a hankali su shanye ƙarfin karo kafin ya isa ga mutanen ciki. Ƙarfen da aka yanke aka sake liƙawa ba lallai ya yi wannan aiki yadda aka tsara ba.

8.0 Yadda Ake Gane Ainihin Shekarar Mota

Abin dogaro shi ne lambar shasi, wadda ake kira VIN. Tun 1981 aka daidaita ta a kan gurabe 17 na haruffa da alƙaluma, kuma ba a sa haruffan I da O da Q don kada a rikita su da 1 da 0. Ana samun ta a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin ginshiƙin ƙofar direba, da kuma takardun mota, wato kartigiris a ƙasashen rainon Faransa. Gurabe uku na farko suna nuna kamfani da ƙasa: VF3 na Peugeot ne, WDB na Marsandi, 4T1 na Toyotar da aka haɗa a Amurka, lambar da ta fara da J kuwa daga Japan take.

A motocin kasuwar Amurka da Kanada, gurbi na goma shi ke nuna shekarar ƙira. Y na nufin 2000, alƙaluma 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A na nufin 2010, B 2011, haka har G da ke nufin 2016. Ke nan idan aka nuna wa mutum Camry aka ce ta 2010 ce, ya ƙirga ya tarar da 7 a gurbi na goma, magana ta ƙare. Motocin kasuwar Turai ba dukansu ke bin wannan tsari ba, don haka a kansu sai a duba ranar rajistar farko a takardu, da 'yar takardar da ke ɗinke a gindin bel ɗin kujera, wadda sau da yawa take ɗauke da shekarar da aka yi shi. Ana kuma duba injin da sitiyari da allon gaban direba, domin ba kasafai mai sauya fuska ke kaiwa gare su ba.

Hukumomi ma lamba suke bi. A 2022 hukumar kwastan ta Nijeriya ta fara ƙiyasta kuɗin fiton motoci ta hanyar lambar VIN. Sauya bamba da fitila gyara ne, amma goge lambar shasi ko sake buga ta laifi ne a gaban doka.

9.0 Abin Lura ta Fuskar Harshe

9.1 Mota a matsayin jiki

Hausa ta ɗauki mota tamkar mai rai. Tana da fuska da hanci da ciki da baya da jiki, tana shan mai, tana tari, tana mutuwa, tana tashi. Idan fitila ɗaya ta mutu akan ce motar ta zama mai ido ɗaya. Wannan faɗaɗa ma'ana ita ce hanya ta farko da harshe ke bi wajen karɓar baƙon abu, tun kafin aro.

9.2 Aro

Kalmomin aro na wannan sana'a hawa uku ne. Akwai tsohon aro daga Larabci, kamar "fitila" wadda asalinta lagwani take nufi, da "algus". Akwai na Ingilishi kamar bamba da birki da madigadi da kwastan. Akwai na Faransanci kamar kapo da far da duwan. A cikinsu ana ganin dokokin tsarin sautin Hausa: ana raba cunkoson baƙaƙe da wasali, kamar a "birki" da "fulogi", ana ƙara wasali a ƙarshe, kamar a "gilashi" da "fenti", sannan sautin p yakan koma f, shi ya sa wani zai ce kapo wani ya ce kafo. Jinsi kuma yakan bi wasalin ƙarshe: mota da taya da bamba mata ne, bonet da birki da gilashi maza ne. Kalmar "riwaya" ta gareji ta zo ta yi kama a rubuce da "riwaya" ta malamai da aka aro daga Larabci, sai muhallin magana ne ke raba su.

9.3 Aikatau

Kalmar "canji" aro ce daga Ingilishi. Da yake a Hausa z takan koma j a gaban wasalin i, kamar a "kaza" da "kaji", sai masu magana suka ɗauki j ɗin "canji" tamkar daga z ta fito, suka ƙirƙiro aikatau "canza". Asalin kalmar Hausa ita ce "sauya". Haka kuma zancen gareji fili ne mai kyau na ganin ajujuwan aikatau da F. W. Parsons ya tsara a 1960: ya ɗaura bamba, ya ɗaure noti, ya ciro fitila, bamba ta ɗauru. Siga ta ƙarshe, wato aji na 7, ita ce ke ɗauke da ma'anar yiwuwa, kamar a "wannan fuska ba ta ɗauruwa a kan waccan".

10.0 Misalin Zance

Ga gajeren zance da aka tsara don karatu, tsakanin mai neman sayen mota da wani dattijon toliye da ya roƙa ya duba masa ita.

Mai saye: Baba, sannu da aiki. Ga motar da na yi maka magana, an ce 'yar 2010 ce.

Toliye: Yawwa Alhaji, sannu da zuwa. Fuskar dai ta 2010 ce. Yaro, buɗe mana kapo.

Mai saye: Wani abu ka gani?

Toliye: Dubi notin el ɗin nan, an taɓa kwance su, fentin kansu ya ɗaye. Zo mu ƙirga lamba. Ka ga na goma? Takwas ne.

Mai saye: Wato 'yar 2008 ce ke nan. In fasa?

Toliye: A'a, motar lafiyarta ƙalau, kuma wanda ya yi aikin ya iya. Ka saya in kana so, amma da kuɗin 2008.

11.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa sauya fuskar mota yana yiwuwa ne saboda kamfanoni kan sake fuska su bar ƙashi a cikin zubi ɗaya. Muddin aikin ya tsaya a cikin zubi, aka mayar da kowane ƙarfe da waya inda suke, aka kuma faɗa wa mai saye gaskiya, to gyara ne kamar kowane gyara, kuma shaida ne na ƙwarewar masu sana'ar hannu a garuruwa irin su Parakou da Djougou. Idan ya tsallaka zuwa wani zubi ya shafi lafiyar mutane, idan kuma aka ɓoye shekara ya shafi amana. Karin maganar da ya fi dacewa da kasuwar mota shi ne, "Kama da wane ba ta wane." An kuma ga cewa gareji ɗaya yana iya tara kalmomin Larabci da Ingilishi da Faransanci, duka sun bi tsarin sautin Hausa da nahawunta.

12.0 Ayyuka ga Ɗalibai

1. Bayyana bambancin "zubi" da "gyaran fuska" cikin jimloli biyar, tare da misali ɗaya da ba a kawo a takardar ba.

2. Ziyarci gareji mafi kusa, ka tattaro sunayen sassan mota guda 20, ka kasa su bisa harshen da aka aro su, sannan ka nuna jinsin kowanne.

3. Kawo sigogin aji na 1 da na 4 da na 6 da na 7 na aikatau "ɗaura", ka sa kowace a jimla.

4. Sake rubuta zancen da ke sashe na 10.0 kamar a Kano aka yi shi, ka sauya kalmomin da suka kamata.